An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tarihin Fafutukar Haƙƙin Maza

A Amurka da Ingila da Ostareliya da Indiya akwai ƙungiyoyin da suka daɗe suna kukan cewa an danne ɗa namiji. Ƙorafinsu bai cika wuce abu biyar ko shida ba. Idan aure ya mutu, uwa kotu ke ba 'ya'ya, a bar uba da biyan kuɗi. Idan yaƙi ya tashi, maza ake kwasa dole. Maza ne suka fi mutuwa a bakin aiki, su suka cika gidajen yari, su suka fi kashe kansu. Mijin da matarsa ke jibga ba shi da wurin kai kuka, in ma ya kai dariya za a yi masa. Yara maza kuma suna ta ja baya a makaranta ba mai cewa uffan. Akasarin waɗannan koke-koke gaskiya ne, kuma alƙaluma sun tabbatar da su. Matsalar tana wajen wanda ake ɗora wa laifi, domin yawancin ƙungiyoyin sun kafe a kan cewa masu fafutukar 'yancin mata ne suka jefa maza cikin wannan hali. Tarihin abin da ya gudana a majalisu da kotuna tun daga ƙarni na 19 bai goyi bayan wannan zargi ba. Nauyin da mazan Yamma ke kuka da shi ya girmi fafutukar mata, tsohon tsarin da ya ce namiji ne mai nema da yaƙi, mace kuma mai gida da raino, shi ya ɗora musu shi. Kusan duk lokacin da aka sauke wa maza wani ɓangare na wannan nauyi, da hujjar daidaito aka sauke shi, hujjar da mata suka fara kaiwa gaban alƙali.

Littafi na farko da ya yi suna a kan wannan batu ya fito a Landan a 1896, aka sake buga shi a 1908 da sunan Ernest Belfort Bax, wani lauya mai ra'ayin gurguzu. Martani ne ga John Stuart Mill, wanda a 1869 ya wallafa littafinsa a kan yadda doka ta tauye mata. Hujjojin Bax ba na wasa ba ne. A dokar Ingila ta wancan zamani, miji ne ke biyan bashin da matarsa ta ci don hidimar gida, har da shi ake kai ƙara idan ta ɓata wa wani suna ko ta yi masa ɓarna, ana iya ɗaure shi idan ya ƙi ciyar da ita, saurayin da ya fasa aure budurwa na iya maka shi a kotu ta karɓi diyya, bulala kuwa an daina yi wa mata tun 1820 amma aka ci gaba da zane maza. Abin da Bax bai tsaya ya duba ba shi ne hannun da ya rubuta waɗannan dokoki. Majalisar da ta yi su babu mace ko ɗaya a cikinta. Mata ba su fara zaɓen 'yan majalisa ba sai 1918, Nancy Astor ce mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilan ƙasar a 1919, kuma sai a 1922 aka sami mace ta farko da aka ba izinin sa rigar lauya ta manyan kotuna. Tushen dokokin shi ne cewa matar aure ba ta da kanta a idon shari'a: dukiyarta da abin da ta samu da guminta duk na miji ne, har sai da dokokin 1870 da 1882 suka canza hakan. Wanda aka damƙa wa dukiya shi ake bi bashi. Dokar 1935 da ta ba matar aure damar tsayawa da ƙafarta a kotu, ita ce kuma ta cire wa miji alhakin ɓarnar matarsa. Duk da haka Bax ya yi adawa da ba mata ƙuri'a, ya kuma sake fitar da wani littafi a 1913 yana kiran fafutukar mata yaudara.

Maganar riƙon 'ya'ya, wadda har gobe ita ce ƙashin bayan wannan fafutuka, ta fi fito da lamarin fili. A farkon ƙarni na 19 uba ne mai 'ya'ya a Ingila, uwa ba ta da ta cewa. A 1836 George Norton ya raba matarsa Caroline da 'ya'yansu maza uku, ya kuma kai Firaminista Lord Melbourne ƙara bisa zargin neman matarsa. Ya faɗi shari'ar, amma hakan bai dawo wa Caroline da yara ba, domin doka ba ta san uwa ba. Ta duƙufa rubuce-rubuce da bin 'yan majalisa har aka yi dokar 1839, wadda ta ba uwar da ba a kama da laifin zina ba damar roƙon kotu ta bar mata yara 'yan ƙasa da shekara 7. Ita kanta ba ta ci moriyar dokar a lokacin ba, saboda mijin ya kai yaran Sikotlan inda dokar ba ta aiki, ɗan autan kuma ya faɗo daga kan doki a 1842, ya rasu kafin ta iso wurinsa. A 1873 aka ɗaga shekarun zuwa 16, daga nan kuma a hankali kotunan Ingila da na Amurka suka rungumi ƙa'idar cewa ƙaramin yaro wurin uwarsa ya dace. Mai neman ɗora wa 'yan rajin mata laifi zai ce ai ga shi nan, mace ce ta fara. Amma Caroline Norton ba ta yi da'awar cewa mace daidai take da namiji ba, ta ma fito ta nesanta kanta da masu wannan ra'ayi. Hujjarta ita ce an halicci uwa don raino. Alƙalan da suka ɗaukaka ƙa'idar kuwa maza ne da suka yi imani cewa wurin mace gida, wurin namiji masana'anta ko ofis. Tunanin da ya hana mace fita aiki shi ne ya hana uba raino. Raba aiki irin wannan ma bai keɓanta da Turai ba: a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke bi a ƙasar Hausa, uwa da danginta ne kan gaba wajen riƙon yaro bayan saki, ciyarwa kuma tana wuyan uba, kuma malamai sun rubuta haka ƙarnoni kafin a ji ɗuriyar wata ƙungiyar mata.

Ƙungiya ta farko da ta ɗauki sunan haƙƙin maza an kafa ta ne a Biyena, babban birnin Ostiriya, a 1926, ƙarƙashin Sigurd Höberth da Leopold Kornblüh. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye maza, daular Ostiriya ta wargaje, mata sun shiga ofisoshi da masana'antu sun kuma sami ƙuri'a a 1918, sojojin da suka dawo suka tarar da rashin aiki da tsadar rayuwa. Bukatun ƙungiyar iri biyu ne da ba sa zama wuri ɗaya. Tana son a yi gwajin jini kafin a liƙa wa mutum ɗan da ya ce ba nasa ba ne, a kuma sassauta kuɗin ciyar da tsohuwar mata, sannan a lokaci guda tana adawa da shigar mata aikin albashi. To macen da aka hana neman na kanta, ai dole wani ya ciyar da ita, kuma wannan wani shi ne mijin da ke kuka. Cikin shekara guda ƙungiyar ta rabu biyu, kafin Yaƙin Duniya na Biyu an daina jin ta. A Amurka kuwa, mazan da saki ya yi wa illa sun fara haɗa kai a Kalifoniya a 1960, lokacin da Reuben Kidd da George Partis suka kafa ƙungiyar yaƙi da abin da suka kira cuwa-cuwar saki. Lauyoyi da alƙalai suke zargi, domin a lokacin littafin Betty Friedan da ya farkar da matan Amurka bai fito ba sai 1963, babbar ƙungiyarsu ta NOW kuma sai 1966 aka kafa ta. Hatta dokar saki ba tare da sai an tabbatar da laifin wani ba, wadda ake yawan jingina wa 'yan rajin mata, Gwamna Ronald Reagan ne ya sa mata hannu a Kalifoniya a 1969, kuma da jihar New York ta zo yin tata a 2010 reshen NOW na jihar yana cikin masu adawa da ita.

Fafutukar maza irin ta zamani a cikin gidan fafutukar mata aka haife ta. A farkon shekarun 1970, samarin jami'a da suka ga 'yan'uwansu mata suna taruwa suna tattauna yadda al'ada ta ɗaure su, su ma suka fara nasu zaman. Yaƙin Biyetnam yana ci a lokacin. Daga cikin Amurkawa fiye da 58,000 da aka rubuta sunayensu a bangon tunawa da mamatan yaƙin a Washintan, 8 ne kawai mata. Tambayar da samarin ke yi ita ce, idan zalunci ne a ce mace ba ta da aiki sai girki da haihuwa, me za a kira tsarin da ya ce namiji ba shi da daraja sai abin da ya kawo gida, ba ya kuka, ba ya cewa ya gaji, kuma jininsa ne kuɗin da ƙasa ke kashewa a fagen fama? A 1974 kaɗai littattafai uku suka fito a kan wannan, na Warren Farrell, da na Marc Feigen Fasteau, da wanda Joseph Pleck da Jack Sawyer suka tattara. Dukkansu suna ɗaukar kansu abokan tafiyar mata. Farrell, wanda daga baya ya zama uban fafutukar haƙƙin maza, sau uku ana zaɓensa cikin shugabannin reshen NOW na birnin New York. A 1975 aka yi babban taron farko na waɗannan maza a Knoxville ta jihar Tennessee, kuma ɗaliban wani aji na nazarin al'amuran mata ne suka shirya shi.

Nasarorin da maza suka samu a kotunan Amurka a wannan zamani sun zo ne ta hannun wata lauya 'yar rajin mata, Ruth Bader Ginsburg, wadda ta jagoranci sashen haƙƙin mata na ƙungiyar kare 'yancin ɗan ƙasa ta ACLU daga 1972. A watan Yunin wannan shekara, wata malamar lissafi a jihar New Jersey mai suna Paula Wiesenfeld ta rasu wajen haihuwa, ta bar jariri namiji. Albashinta ne ke riƙe da gidan, kuma kowane wata ana cire mata kason asusun fansho na gwamnatin tarayya. Mijinta Stephen ya ƙudura zai zauna ya raini ɗansa da kansa. Da ya je ofishin asusun neman tallafin da ake ba wanda aka mutu aka bar wa yaro, sai aka ce masa wannan kuɗi na uwaye mata ne, babu tanadi ga uba. Ya rubuta wasiƙa zuwa wata jaridar yankinsu yana kokawa, wata malamar jami'ar Rutgers ta karanta ta haɗa shi da Ginsburg. A gaban Kotun Ƙoli Ginsburg ta nuna cewa doka ɗaya ta cuci mutum uku: ta mayar da gumin Paula bai kai na namiji ba tunda bai sayo wa iyalinta kariya ba, ta hana Stephen zama uba mai raino, ta kuma hana jaririn kulawar mahaifin da ya rage masa. A watan Maris na 1975 alƙalan suka soke bambancin ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba. Kafin wannan, Ginsburg ta ci wa Charles Moritz shari'a, wani da bai taɓa aure ba da aka hana rangwamen haraji a kan kuɗin jinyar mahaifiyarsa don kawai shi namiji ne. A 1979 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Alabama da ta ce miji kaɗai ake iya tilasta wa ciyar da abokin zama bayan saki.

Yana da kyau a lura da waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren. A 1972 majalisar Amurka ta amince da gyaran tsarin mulki da zai haramta bambanta mutane saboda jinsi, aka tura wa jihohi. Wadda ta jagoranci rusa shi ita ce Phyllis Schlafly, babbar mai adawa da 'yan rajin mata, kuma manyan hujjojinta biyu ne: gyaran zai sa a kwashi 'yan mata aikin soja, zai kuma cire wa miji wajibcin ciyar da matarsa. Wato abubuwa biyun da masu fafutukar maza suka fi kuka da su, maƙiyan fafutukar mata ne suka kare su. Gyaran ya tsaya a jihohi 35 daga 38 da ake bukata har wa'adinsa ya cika a 1982. Da Shugaba Jimmy Carter ya dawo da rajistar shiga soja a 1980, ya nemi a haɗa da mata, majalisa ta ƙi. A ƙarar da wasu samari suka kai, NOW ta shigar da takarda tana cewa ware maza kaɗai nuna bambanci ne, amma a 1981 Kotun Ƙoli ta bar dokar yadda take da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Shekaru 40 bayan haka, a 2021, da ƙungiyar maza ta NCFM ta sake kai maganar Kotun Ƙoli, lauyoyin ACLU ne suka tsaya mata, ko da yake kotun ta ƙi sauraron ƙarar. A Norwe da Suwidin kuwa, ƙasashen da ra'ayin daidaito ya fi kafuwa, yanzu maza da mata duk ana kiran su aikin soja.

To me ya raba su? Saki ne. A shekarun 1970 mutuwar aure ta yawaita ƙwarai a Amurka, dubban iyaye maza suka wayi gari suna ganin 'ya'yansu ƙarshen mako biyu a wata, suna kuma biyan kuɗi kowane wata. Suka fara neman a mayar da riƙon haɗin gwiwa ya zama ƙa'ida. Rassan NOW da dama suka ƙi, suna cewa yawancin matan da aka saki sun bar aiki shekara da shekaru suna raino, kuma wasu mazan suna amfani da barazanar ƙwace yara ne don a rage musu kuɗin ciyarwa. Farrell ya ce a nan ne ya raba gari da su. Littafin Herb Goldberg na 1976 ya juya akalar magana daga cewa tsarin yana cutar da kowa zuwa cewa namiji ne ya fi cutuwa. A 1977 aka kafa ƙungiyar Free Men a jihar Maryland, wadda ta rikiɗe ta zama NCFM. Mazan taron Knoxville suka bi ɗaya hanyar, suka ci gaba da mara wa mata baya, suna mai da hankali a kan cin zarafin da maza ke yi. Zuwa 1993, lokacin da Farrell ya wallafa littafinsa mai cewa ikon maza tatsuniya ce, ɓangarorin biyu sun daina gaisawa.

A nan ne mai suka zai kawo hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba a ture ta da hannu ɗaya. Zai ce an ji, tsohon tsari ne ya ɗora nauyin, amma da aka zo sauke shi 'yan rajin mata sun tare hanya. Akwai gaskiya a ciki. Ƙungiyoyin mata sun yaƙi dokokin raba riƙon yara daidai a jihohi da dama, sun kuma yaƙi soke kuɗin ciyarwa na har abada a Fulorida, inda gwamna ya ƙi sa hannu a 2013 da 2016 kafin dokar ta wuce a 2023. Erin Pizzey, wadda ta buɗe gidan mafakar matan da ake duka a unguwar Chiswick ta Landan a 1971, da ta fito ta ce wasu daga cikin matan da take karɓa su ma masu duka ne, an yi mata ca, ta ce har barazanar kisa ta sha. Suzanne Steinmetz, masaniyar zamantakewa da ta yi rubutu a kan mazan da ake duka a ƙarshen shekarun 1970, ita ma ta ɗanɗana irin wannan. Abin da wannan ke nunawa shi ne ƙungiya, ko ta wace aƙida ce, idan maslahar mabiyanta ta ci karo da ƙa'idarta, sau da yawa maslaha ke rinjaye. Amma ƙa'idar ba ta mutu ba, kuma akwai waɗanda suka riƙe ta: Karen DeCrow, wadda ta shugabanci NOW daga 1974 zuwa 1977, ta goyi bayan riƙon haɗin gwiwa har ƙarshen rayuwarta. Sannan akwai abin da masu zargin kotu ba su cika faɗa ba. Binciken da Eleanor Maccoby da Robert Mnookin suka yi a kan iyalai fiye da 1,000 a Kalifoniya, wanda ya fito a 1992, ya gano cewa ƙalilan ne ƙwarai alƙali ya yanke musu hukunci. Mafi yawa iyayen ne suka daidaita a tsakaninsu, kuma yaran suka zauna hannun wanda ke rainonsu tun ana tare. Ashe maganar riƙo tun ranar suna ake yanke ta, kafin a je kotu da shekaru. Suwidin ta gane haka, ta ba uba da uwa hutun haihuwa tare a 1974, Norwe ta ware wa uba nasa kason a 1993, Suwidin ta bi sahu a 1995, kuma 'yan rajin daidaito ne suka tura waɗannan dokoki.

Akwai kuma suka daga ɗaya ɓangaren, mai cewa duk wannan fafutuka borin kunya ce ta mazan da suka rasa gata. Wannan ma bai tsaya ba. A Amurka, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata kusan sau 4, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu mutuwa a haɗarin wurin aiki maza ne, kuma tun 1982 mata suka wuce maza wajen samun digirin farko, yau kusan 6 cikin kowane 10 nasu ne. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake kashewa a duniya maza ne, duk da cewa masu kisan ma kusan 9 cikin 10 maza ne, kuma idan kisan tsakanin ma'aurata ko masoya ne mata suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A Indiya, inda dangin amarya ke biyan dangin ango dukiyar aure, mata fiye da 6,000 ke rasa rayukansu kowace shekara a kan rigimar wannan dukiya, shi ya sa a 1983 aka ƙara sashe na 498A a dokar laifuka don hukunta miji da danginsa. Sashen ya ba 'yan sanda ikon kama mutum nan take, har ta kai ana kwasar tsofaffin iyaye da ƙannen miji a kan ƙara ɗaya. Ƙungiyoyin maza suka yi ta kuka, kuma a 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta yarda ana wuce gona da iri, ta hana kamu ba tare da an cika sharuɗɗa ba. Kukan matan gaskiya ne, na mazan ma gaskiya ne. Wanda ya ƙaryata ɗaya don ya kare ɗaya, yana tura masu ciwon ne hannun duk wanda ya fara sauraronsu, ko da ɗan tayar da zaune tsaye ne.

Saura a auna abin da kowace hanya ta haifar. A Ingila, ƙungiyar Fathers 4 Justice ta zaɓi hanyar jan hankali. A watan Mayun 2004 mambobinta suka jefi Firaminista Tony Blair da ƙunshin fulawa mai launin shunayya yana tsaka da amsa tambayoyi a majalisa, a watan Satumba kuma wani uba ya sa kayan jarumin fim Batman ya haye bangon Fadar Buckingham, ya yi sa'o'i a tsaye a kan wani ɗan tudu kusa da barandar sarauniya, kyamarorin duniya na kallonsa. Kowa ya ji labarinsu, amma raba riƙo daidai da suke nema bai shiga doka ba. Dokar 2014 cewa kawai ta yi ana ɗauka shigar kowane mahaifi cikin rayuwar yaro alheri ne, ba ta raba kwanaki ba. Da intanet ta zo, zafin ya ƙaru, zagin mata ya zama sana'ar wasu. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a watan Yulin 2020, lokacin da Roy Den Hollander, wani lauya da ya yi suna da ƙin 'yan rajin mata, ya harbe Marc Angelucci, mataimakin shugaban NCFM, ya kuma je gidan wata alƙaliya ya kashe ɗanta. Angelucci kuwa shi ne lauyan da a 2008 ya sa wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yanke cewa ware maza daga tallafin waɗanda ake ci wa zarafi a gida ya saɓa tsarin mulkin jihar, kuma da hujjar daidaito ya ci. Haka ma a 2012, da hukumar FBI ta sauya ma'anar fyaɗe da take amfani da ita tun ƙarshen shekarun 1920 har ta haɗa da mazan da aka yi wa, ƙungiyoyin mata ne suka matsa lamba. A Najeriya ma dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda gamayyar ƙungiyoyin mata ta shafe shekaru tana bi, ita ce ta fara amincewa a matakin tarayya cewa ana iya yi wa namiji fyaɗe. Jihar Kentucky kuwa, da ta mayar da raba riƙo daidai ya zama ƙa'ida a 2018, ta yi hakan kusan ba hamayya, domin an gina maganar a kan maslahar yaro an kuma cire gidajen da ake duka.

Wani mai karatu zai ce duka ɓangarorin biyu sun ɓata, a koma yadda ake da, namiji ya nemo mace ta tsare gida, kowa ya huta. Wannan magana ce da al'ummomi da yawa ke rayuwa a kanta, kuma kowace al'umma ita ke da haƙƙin tsara gidanta. Amma a matsayin amsa ga kukan mazan Yamma, ba ta biya ba, saboda dalili biyu. Na farko, mutuwa a fagen yaƙi da ramin haƙar kwal, da biyan kuɗi bayan saki, da haɗiye ciwo ba a faɗa, su ne ainihin farashin wancan tsari. Mai son komawa gare shi sai ya karɓi farashin ya daina ƙorafi. Na biyu, ginshiƙin da ya ɗauki tsarin ya karye, kuma ba mata suka karya shi ba. A 1979 masana'antun Amurka suna ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 19 da rabi, zuwa 2010 ba su kai miliyan 12 ba. Injuna da kwashe masana'antu zuwa ƙasashen waje su suka raba ɗan sakandare da albashin da ke riƙe gida shi kaɗai. Magidancin da masana'antarsa ta rufe, ya koma yana zagin 'yan rajin mata, ya bar jaki yana dukan taiki.

A 'yan shekarun nan an fara ganin masu maganar maza da ba sa neman abokin gaba. Richard Reeves, wani masani ɗan Ingila mazaunin Amurka, ya fitar da littafi a 2022 ya kuma kafa cibiyar bincike a kan yara maza da manyansu a 2023. Shawarwarinsa na aiki ne: a jinkirta sa yara maza makaranta da shekara ɗaya, a ƙara malamai maza a firamare, a faɗaɗa makarantun koyon sana'a, a jawo maza aikin jinya da koyarwa kamar yadda aka jawo mata aikin injiniya. A 2024 Melinda French Gates, wadda ta shahara da tallafa wa harkokin mata, ta damƙa masa dala miliyan 20 ya raba wa masu irin wannan aiki. Ana iya jayayya a kan kowace shawara tasa, amma hanyar ita ce wadda Ginsburg ta bi da Wiesenfeld, kuma ita ce wadda tarihi ya nuna tana kaiwa. Ƙungiyoyin mata suna da bashin da za su biya, na yarda cewa ƙa'idar da suka kafa ta shafi uban da aka raba da ɗansa da mijin da ake duka. Ƙungiyoyin maza kuma ma'auninsu shi ne dokokin da suka gyara, da gidajen mafaka da suka gina, da yaran da suka mayar aji, kuma a kan wannan ma'auni waɗanda suka yi aiki da hujjar daidaito sun tsere wa waɗanda suka ɓata shekaru suna yaƙar ta.